Daga Allo Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Ɗabi'ar Karatu da Rubutu a Tsakanin Hausawan Nijar da Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da wayar hannu mai intanet ta wadata a ƙasar Hausa ake ta jin koke-koke daga bakin malamai da iyaye cewa yara sun daina karatu, kuma rubutun Hausa ya lalace. Wannan takarda za ta dubi wannan ƙorafi ta fuskar tarihi. Manufarta ita ce ta nuna yadda ɗabi'ar karatu da rubutu ta Hausawa ta riƙa sauyawa a duk lokacin da kayan rubutu suka sauya, sannan ta tantance abin da zamanin intanet ya zo da shi da kuma abin da ya tarar. Za a bi matakai huɗu, wato zamanin ajami, da zamanin boko da hukumomin ɗab'i, da zamanin Adabin Kasuwar Kano, sai kuma zamanin waya. A kowane mataki za a lura da masu rubutu da masu karatu da kuma masu tsaron ƙa'ida. An haɗa Nijar da Nijeriya a cikin nazarin saboda iyakar da Turawa suka shata ta raba Hausawa ta fuskar karatu fiye da yadda ta raba su ta fuskar ciniki ko auratayya.

2.0 Zamanin Ajami: Rubutun Kaɗan, Sauraron Jama'a

Kafin zuwan Turawa, hanyar koyon karatu ɗaya ce a ƙasar Hausa, wato makarantar allo. Yaro yakan fara da babbaƙu da farfaru, ya rubuta da alƙalamin kara da tawada, ya haddace, ya wanke allon, a sake ɗora masa wani karatun. Wanda ya sauke yakan wuce makarantar ilimi, inda ake karanta littafi da Larabci malami yana fassarawa da Hausa. Daga wannan tushe ne ajami ya fito, wato rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci.

Takarda a wancan zamani kayan fatauci ce mai tsada. Mafi shahara ita ce wadda ake yi a Italiya, mai alamar jinjirin wata uku, wadda ayari ke ƙetaro Sahara da ita. Saboda haka ba a ɓarnatar da ita. Wanda yake son littafi sai ya ara ya juya da hannunsa, ko ya biya wani ya juya masa, ya adana shi a gafaka. Wannan ya sa littattafai suka yi ƙaranci, amma wanda ya mallaki ɗaya yakan san shi ciki da waje.

Abin lura shi ne yawancin abin da aka rubuta da ajamin Hausa waƙa ce, kuma an yi ta ne don a rera. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754-1817) da mabiyansa sun yi amfani da waƙoƙin Hausa da na Fulfulde wajen isar da wa'azi ga waɗanda ba su jin Larabci. Ƴarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara ƙungiyar ƴan taru, inda jajis ke zuwa su koyi waƙoƙi a wurinta su koma ƙauyuka su koya wa mata. Ke nan takarda ɗaya tana iya isa ga ɗaruruwan mutanen da ba su taɓa ganin ta ba. Mai karatu a wannan zamani yana karantawa ne da murya, a gaban jama'a.

Haka kuma ajami bai taɓa samun daidaitacciyar ƙa'ida guda ba. Kowane malami yana da yadda yake rubuta sautukan da babu su a Larabci, kamar ɓ da ts da c, kuma almajiri yakan bi hannun malaminsa. Wannan bai hana shi yaɗuwa ba. Fatake sun kai shi har Gwanja, inda Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a shekarar 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausa. Dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami suna nan ajiye a cibiyar binciken kimiyyar ɗan'adam ta Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai, waɗanda Bubu Hama ya fara tattarawa.

3.0 Zuwan Boko da Rabuwar Hanya

Turawan mishan da ƴan yawon bincike ne suka fara rubuta Hausa da baƙaƙen Romawa. J. F. Schön ya buga nahawun Hausa a shekarar 1862, ya kuma fitar da littafin Magana Hausa a 1885. Mafi yawan abin da ke cikin wannan littafi daga bakin Dorugu ya fito, wani yaro ɗan yankin Kance ta ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta, aka ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Ingila a shekarar 1855. Ashe ke nan Hausar ƙasar da ta zama Nijar tana cikin ta farko da aka buga da boko. Sai dai waɗannan littattafai Turawa aka yi wa su, Hausawa ba su san da su ba.

Bayan Ingila da Faransa sun raba ƙasar Hausa, sai kowace ta ɗauki manufarta ta ilimi. A ɓangaren Ingilishi, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Daga bisani aka kafa Hukumar Fassara wadda ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East. Gasar da wannan hukuma ta shirya a shekarar 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A cikin shekarun 1930 ne kuma aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, a maimakon ɗigo ko wata alama da ake sa wa baƙin a da.

A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Wannan jarida ta koya wa Hausawa abubuwa biyu da ba su saba da su ba: jiran sabon abin karantawa a kan lokaci, da kuma rubuta wa edita wasiƙa don bayyana ra'ayi. Duk da haka tsohuwar ɗabi'a ba ta gushe ba, domin mutum ɗaya yakan sayi jarida ya karanta wa majalisa guda. A shekarun 1950 shirin Yaƙi da Jahilci da hukumar NORLA suka ƙara yawan masu karatu, aka riƙa buga ƙananan jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sannan kamfanin NNPC a 1966. Muhimmin abu a nan shi ne duk rubutun da zai isa ga jama'a sai ya bi ta hannun edita da mai duba kurakurai. Su ne suka mai da Hausar Kano ta zama daidaitacciya, ta hanyar gyaran da suke yi kullum.

A ɓangaren Faransa kuwa, da Faransanci kaɗai ake koyarwa a makarantun mulkin mallaka. Bahaushen Maraɗi ko Tawa da ya shiga lakwal ya koyi rubuta Faransanci, bai koyi rubuta harshensa ba. Sai bayan samun ƴancin kai a 1960 aka fara koyar da manya karatu da harsunan gida, tare da buga ƙananan jaridun karkara. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya tsara baƙaƙen wasu harsunan Afirka ta Yamma har da Hausa, kuma a kan tsarinsa Nijar ta daɗe tana ninka wasali don nuna tsawo, abin da Nijeriya ba ta yi. A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun ƙasashen biyu, sannan a 1999 gwamnatin Nijar ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa. Babban bambancin da ya rage shi ne Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya tana rubuta 'y. Amma da yake makarantun gwaji ba su da yawa, mafi yawan ƴan boko na Nijar sun ci gaba da rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci idan buƙata ta taso.

4.0 Adabin Kasuwar Kano

Sauyi na uku ya faru ne a shekarun 1980, kuma dalilai biyu suka haɗu suka haifar da shi. Na farko, shirin ba da ilimin firamare kyauta da Nijeriya ta fara a 1976 ya samar da ɗimbin matasa maza da mata masu iya karanta Hausa. Na biyu, faɗuwar farashin man fetur da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sun karya manyan kamfanonin ɗab'i. Sai aka wayi gari ga masu karatu amma babu abin karantawa in ban da littattafan manhaja.

Matasan marubuta suka cike wannan giɓi da kansu. Marubuci yakan rubuta labarinsa a littafin makaranta, ya kai a buga masa da keken rubutu, ya tara kuɗi ya kai ƙaramar maɗaba'a, sannan ya kai wa ƴan kasuwa. Daga cikin waɗanda suka yi fice akwai Balaraba Ramat Yakubu mai Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa. Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa wa wannan adabi sunan Adabin Kasuwar Kano, kuma an daɗe ana muhawara a jaridu tsakaninsa da Abdalla Uba Adamu da wasu masana a kan darajarsa.

Wannan zamani ya kawo ɗabi'u da ya kamata a riƙe su, domin za a sake cin karo da su. Ana raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, a tsaya a inda hankalin mai karatu ya fi tashi. Ana bayar da hayar littafi a shaguna, kuma littafi ɗaya yakan zaga gidaje da yawa kafin ya yage. Mata ne suka fi yawa a cikin masu karatu, daga baya kuma suka rinjayi marubuta. Gidajen rediyo suna karanta littattafan ga waɗanda ba su iya karatu ba. Ƴan kasuwa sun riƙa kai su Maraɗi da Damagaram da zangunan Gana da Kamaru tare da kasusuwan fina-finai. Haka kuma edita ya fara ɓacewa, shi ya sa kukan lalacewar ƙa'ida da na tarbiyya ya fara tun a lokacin. Har ta kai ga an ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano a shekarar 2007. Ke nan ƙorafin da ake yi wa waya a yau an riga an yi wa takarda shi.

5.0 Zamanin Kwamfuta da Waya

5.1 Matsalar baƙaƙe masu ƙugiya

Kwamfutar da ta fara shigowa ofisoshi da maɗaba'u ba ta da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a kan madanninta. Tsarin Unicode ya tanadi waɗannan baƙaƙe tun farkon shekarun 1990, amma an daɗe kafin manhajoji da wayoyi su iya nuna su. A tsakanin nan sai aka ƙirƙiri zubin baƙaƙe na musamman, irin su Rabi'at wanda Abdalla Uba Adamu ya samar. Dabarar ita ce a ɗora baƙi mai ƙugiya a gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba. Idan aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai alamar asali ta dawo, rubutun ya cika da tarkace. Saboda gudun haka, kafofin watsa labarai da yawa suka zaɓi su bar ƙugiya gaba ɗaya a shafukansu na intanet, masu karatu kuma suka saba da ganin Hausa a haka.

Wayar salula ta shigo Nijeriya da Nijar a farkon shekarun 2000, ta zo da gajeren saƙo wanda ba ya wuce baƙi 160. Idan aka sa baƙi ɗaya wanda ba ya cikin jerin da aka tanada, kamar ɗ, sai iyakar ta sauko zuwa 70, saƙo ɗaya ya koma biyu ko uku, kuɗi kuma ya ƙaru. Ashe rubuta Hausa daidai yana da tara. Daga nan taƙaita kalmomi ya samo asali: slm a maimakon sallama, lfy a maimakon lafiya, ykk a maimakon yaya kake, ngd a maimakon na gode. Wasu suka ɗauki q ta tsaya wa ƙ, wasu kuma suka riƙa sa x a gurbin z. A Nijar kuma aka ga Hausa cikin rigar Faransanci, ana rubuta tchikin guida a maimakon cikin gida, da kouana a maimakon kwana. Wayoyin yanzu suna da madannin Hausa, kuma kuɗin saƙo ya daina zama hujja, amma ɗabi'ar ta riga ta zauna.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Wanda ya rubuta "ya bata kudi" ya bar mai karatu cikin shakka: ya ba ta kuɗi ne, ko ya ɓata kuɗi? Haka baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Bahaushe yakan gane daga yanayin magana, amma mai koyon harshe da yaron firamare da na'urar fassara ba su da wannan gata.

5.2 Sababbin marubuta da masu karatu

Ta wata fuskar kuma, ba a taɓa yin zamanin da Hausawa suka yi rubutu da harshensu kamar wannan ba. A da, mutumin da ba malami ba ne ko ma'aikaci yakan shekara bai rubuta komai ba, in wasiƙa ta kama sai ya nemi mai rubuta masa. A yau tela da ɗan kasuwa da matar aure suna rubuta Hausa kullum a Facebook da WhatsApp. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa a shekarar 2013, Facebook kuma ya fitar da tsarinsa na Hausa a 2016, shekarar da sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata.

Ƙagaggen labari ma ya yi ƙaura daga kasuwa zuwa waya. Marubuciya takan buga labarinta da babban yatsa, ta saki shafi ɗaya ko biyu a rana a zaurukan WhatsApp ko a Wattpad. Shafukan farko kyauta ne, wanda yake son ci gaba sai ya biya a sa shi cikin zauren masu biya. Sau da yawa akan ba da farashi biyu, na naira da na sefa, abin da ke nuna cewa masu karatu na Nijar sun zama kasuwa mai zaman kanta. Masu karatu suna mai da martani nan take, har sukan sa a sauya makomar tauraron labari. Idan aka duba, wannan shi ne tsarin kashi-kashi da haya na Adabin Kasuwar Kano, sai dai an cire maɗaba'a da ɗan kasuwa daga tsakani.

Sauraro ma ya dawo da ƙarfinsa. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, wanda bai iya boko ba ya sami hanyar aika saƙo ba tare da ya roƙi kowa ba. Ana kuma karanta littattafai a YouTube kamar yadda ake yi a rediyo. Ajami kuwa, wanda aka cire daga ƙananan takardun naira a 2007, ya sami ɗan sarari a kwamfuta bayan da Unicode ya ƙara baƙaƙen fa da ƙaf da nun na salon Warshu a 2016.

6.0 Abin da Aka Samu da Abin da Ake Hasara

Daga abin da ya gabata za a ga cewa rashin daidaiton ƙa'ida da karatun jama'a da fifita kunne a kan ido duk tsofaffin abubuwa ne a tarihin Hausawa. Zamanin da edita ya riƙe ƙa'ida da ƙarfi gajere ne, daga shekarun 1930 zuwa na 1980, kuma a ɓangare ɗaya na iyaka. Amma akwai abubuwa biyu da suke sababbi, waɗanda suka cancanci damuwa.

Na farko shi ne adana rubutu. Waƙar da aka juya da hannu shekara ɗari biyu da suka wuce tana nan a gafaka, haka littafin da aka buga a Zariya a 1934 yana nan a laburare. Labarin da aka saki a zauren WhatsApp kuwa yana iya ɓacewa ranar da waya ta lalace. Dandalin OkadaBooks, wanda ya ɗauki littattafan Hausa masu yawa, ya rufe a shekarar 2023. Idan ba a tattara ba, mai nazarin adabin wannan zamani nan gaba zai rasa abin dubawa.

Na biyu shi ne abin koyi. Yaro yana koyon rubutu ne daga abin da idonsa ya fi gani. Idan a makaranta yana ganin daidaitacciyar Hausa sa'a ɗaya a mako, a waya kuma yana ganin akasinta sa'o'i da yawa a rana, ba a buƙatar dogon bincike kafin a san wadda za ta zauna masa. Wannan ya fi shafar Nijar, inda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Harshen da za a rubuta doka da takardar hukuma da shi ba zai yiwu kowa ya rubuta shi yadda ya ga dama ba.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi sawun karatu da rubutun Hausa daga allo zuwa waya, ta nuna cewa Hausawa ba su daina karatu ba, wurin karatun ne da salonsa suka sauya. Aikin da Hukumar Talifi da editocin Gaskiya suka yi a da yanzu ba shi da mai yi, kuma sassan koyar da harsuna na jami'o'i su ne suka fi cancanta su ɗauke shi. Ya kamata a koya wa kowane ɗalibi yadda zai sa madannin Hausa a wayarsa tun a shekarar farko, a riƙa ba shi aikin gyara rubutun da aka ciro daga kafofin sada zumunta, a kuma buɗe ma'ajiya ta littattafan intanet da izinin marubutansu. Haka nan akwai buƙatar masana na Nijar da Nijeriya su sake zama irin na Yamai na 1980, domin masu karatun ƙasashen biyu sun riga sun haɗu a zaure ɗaya.